Gilashin Shagon Maɓallai

Matakala goma sha bakwai ce tsakanin ɗakin Inna da titi, kuma 'yarta Sista ta san halin kowacce. Ta huɗu ta gutsire a baki, ta tara ta fi sauran tsayi da yatsa biyu, don maginin da ya yi benen, Allah ya jiƙansa, da ido yake awo. Shekara uku ke nan da gwiwoyin Inna suka ce sun gama da wannan hawa da sauka. In za a kai ta asibiti, Auta ne ke goya ta ya sauko da ita, yana nishi tana yi masa faɗa wai yana girgiza ta. Auta kuwa suna ne kawai ya bi shi. Mutum ne ɗan shekara arba'in da biyu, direban babbar mota, da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu.

Ranar da ƙafarsa ta zame a ta tara, ya durƙusa da gwiwa ɗaya ga tsohuwa a bayansa, Allah ya kiyaye ba su gangaro ba, a ranar Sista ta yanke hukunci. Haka take. Shekara ashirin da shida tana aikin jinya, goma daga ciki tana shugabantar ɗakin mata, ta saba ta dubi mutum ta san abin da ya dace da shi tun kafin ya buɗe baki, kuma yawanci ba ta jiran ya buɗe.

"Inna za ta koma ƙasa," ta ce wa Auta, yana kwance a falo dafe da ƙugu. "Shagon Baba za a mayar ɗaki. A cire gilashin nan a ja bango, a bar 'yar taga a sama saboda iska. Banɗaki a baya. Sati biyu an gama."

"Kin gaya mata, Yaya?"

"In gaya mata me? Ka taɓa ganin an yi shawara da majinyaci kafin a ba shi magani?"

Shagon na mahaifinsu ne, a ƙasan benen, yana kallon babban titin tsakiyar gari. Zare da allura da zif da maɓallai ya sayar a ciki har Allah ya karɓi abinsa shekara takwas da suka wuce. Tun lokacin ƙofar a kulle take, gilashin gaban ya yi ƙura har masu wucewa na zane a jiki da yatsa.

Ran Litinin da safe aka sauke bulo ɗari biyu da yashi a bakin ƙofa. Magini bai kai ga ɗora guduma a kan ƙarfen gilashin ba sai ga wani siririn mutum mai tabarau, da fayil a hammata da tef ɗin awo rataye a ɗamara. Ya yi sallama cikin wata irin sanyin murya wadda nan take Sista ta ji ta tsane ta.

"Ina kwana, Hajiya. Wa ya ba da izinin wannan aiki?"

"Izinin me? Gidan ubana ne."

"Allah ya jiƙansa. Gidan naku ne, amma fuskarsa ta titi ce."

Ya zaro tef ya auna gilashin tsaye da kwance, ya rubuta, ya yage takarda ya miƙa mata. A dakata da aiki, a zo ofis. Magini, wanda da ma an ba shi wani aikin a wani wuri, ya tattara kayansa da saurin da bai taɓa yin gini da shi ba. Daga ranar Sista ta raɗa wa siririn mutumin nan suna Mai Tef, har titin duka ya ɗauka.

Washegari ta ɗauki hutun rabin yini ta nufi ofishin tsara gari. A hawa na biyu yake, ba lif, abin da ya fara ba ta haushi ke nan tun kafin ta ga kowa. Aka miƙa mata wani littafi mai shafi tamanin da huɗu aka ce ta karanta. Ta kuwa karanta a tsaye, tana tsaki shafi bayan shafi. Ashe tun shekara biyu da suka wuce aka shata unguwarsu cikin abin da suka kira yankin tsakiyar gari, aka tsara wa kowane gini yadda zai yi numfashi. Ƙasan bene na kasuwanci ne, ba a kwana a ɗakin da ke kallon titi. Kashi sittin cikin ɗari na gaban shago dole ya zama gilashi, kuma wanda ake hangen ciki, ba a rufe shi da labule ko takarda daga takwas na safe zuwa shida na yamma. Fenti kala uku kawai aka yarda da su, ruwan madara da ruwan toka da wani wai ruwan yashi, wanda ita dai a idonta ruwan madarar ne ya yi datti. Ba a shanya a barandar gaba. Ƙofa ba ta buɗewa waje. Haruffan allon shago kada su wuce santimita talatin. Har rumfa sai da aka faɗi inda inuwarta za ta tsaya.

"Saura ku faɗa mana ɓangaren da za mu kwanta in za mu yi barci," ta ce wa matar da ke kan teburin karɓar takardu.

Matar ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wannan yana hannunku, in dai a sama ne."

Da ta ga Sista na neman fashewa, sai ta jawo wani fom daga durowa. Akwai abin da ake kira neman sassauci. A kawo zanen gini kwafi uku, da hotunan gaban gidan, da takardar likita. In komai ya cika, za a manna sanarwa a ƙofar shagon kwana ashirin da ɗaya, duk mazaunin titin da ke da ƙorafi ya rubuto. In ba a samu ƙorafi ba, kwamiti zai sa hannu a ja bango. Kwamitin kuma sau ɗaya yake zama a wata.

Nan zarya ta fara. Zanen farko aka dawo da shi don mai zanen ya manta kibiyar da ke nuna arewa, kamar wani zai ɓata a cikin ɗaki mai faɗin taku shida. Hotunan aka ce wata mota ta tare kusurwa, a sake. Takardar likita aka ce ta ce ciwon gwiwa amma ba ta ce gwiwar ba ta hawa bene, Sista ta koma ta tsaya a kan likitan, wanda ita ta koya masa sa ruwa a jijiya, ta yi masa shifta kalma bayan kalma. Kafin a gama wannan kwamiti ya zauna ya tashi sau biyu. Bulon nan ɗari biyu yana jibge a bakin ƙofa har masu jiran mota sun mayar da shi benci.

Ana cikin haka likitan ƙashi ya duba bayan Auta ya ce ko buhun siminti kada ya ƙara ɗagawa, balle uwa. Inna kuma tana da ganin likita duk bayan sati biyu. Sista ta tare Mai Tef a kan titi, ta wanke shi tas, tun daga tabaransa har littafinsu mai shafi tamanin da huɗu. Ya tsaya ya saurara har ta gaji don kanta, ko a jikinsa.

"Hajiya," ya ce, "dokar a kan mita uku take magana, daga gilashi zuwa ciki. Abin da ke bayan mita uku sito ne. Ni kuma ba na leƙa sito."

Ya gyara zaman tabaransa ya ci gaba.

"Amma gaban dole ya zama shago na gaske. Ƙofa a buɗe, kaya a baje, da mutum a ciki."

"Wane mutum?"

"Wannan kuma ku kuka sani."

Haka aka yi, ba don ranta ya so ba. Aka jawo tsohon kabad ɗin Baba aka gitta shi daidai mita uku, aka sa sabon gado mai ɗaga kai a bayansa, aka gyara banɗaki. Matar Auta ta wanke gilashin da ruwa bokiti shida. Suka fito da ragowar kayan Baba daga kwalaye: kwalaben maɓallai sun fi arba'in, na ƙashi da na ƙarfe da na roba, da ƙullin zare da bai ruɓe ba. Tsohon allon shagon ma bai tsira ba, haruffansa sun zarce da santimita bakwai, sai da aka goge aka sake rubutawa. Sannan maza huɗu suka sauko da Inna a kujera, tana ta ce musu su yi a hankali ba gawa suka ɗauko ba.

Shirin Sista shi ne matar Auta ta riƙa zama a gaba don cika sharaɗi, Inna ta huta a baya. Kwana ɗaya shirin ya yi. A rana ta biyu Inna ta ce bayan kabad ba iska, a fito mata da kujera.

Da yamma Sista ta sauka daga mota a tsallaken titi, ta ɗaga ido, sai ga uwarta a cikin gilashi. Tana zaune da mayafinta a tsakiyar kwalaben maɓallai, jama'a na wucewa suna leƙe, wani ma ya tsaya yana gyara hula a gilashin. Kunya da takaici suka rufe Sista lokaci guda. Matar da ta haifi bakwai ta binne uku, matar da ko baranda ba ta fita sai da dalili, yau an baje ta a gaban titi saboda wasu sun zauna a ofis sun rubuta kashi sittin cikin ɗari. Ta tsallaka ko mota ba ta duba ba.

"Inna, ki yi haƙuri. Wallahi kwana kaɗan ne. Da zarar sun sa hannu zan rufe miki wurin nan ruf."

"Sannu da aiki, Likita," in ji Inna. Haka take kiranta in tana son tsokana. "Ai kin ga matar mai gyaran agogo ta haihu? Yanzu ta wuce da goyo."

"Miƙo hannu in auna ki."

A ranar ta sayo labule, mai kauri, ruwan toka ma don kada a ce ba ta bi kala ba. Washegari Mai Tef ya bar mata takardar gargaɗi. Ta yaga. Kullum da safe kafin ta tafi aiki sai ta ja labulen nan da hannunta ta rufe gilashin, kullum da yamma sai ta tarar an zuge shi gefe. Ta titsiye matar Auta, ta rantse ba ta taɓa ba. To, wa ya rage? Mai Tef mana. Mutum da girmansa da albashinsa, ba shi da aiki sai zuwa zuge wa tsohuwa labule. Sista ta sha alwashin ranar da aka ja bangon nan sai ta kira shi ya zo ya auna.

Abin da ya ƙara ƙona mata rai, shagon ƙarya ya fara zama na gaske. Teloli suka ji labarin akwai tsofaffin maɓallan da aka daina kawowa, suka fara zuwa da riga a hannu. Inna ta karɓi rigar ta kai ta kusa da ido, ta nuna kwalba da sandarta ta ce ta uku daga hagu, kuma ba ta kuskure. Wasu tsofaffin ƙawayenta da matakala ta raba su suka gano hanya. Sista ta dawo daga aiki a gajiye ta tarar da mata uku a kan benci ana shan shayi ana shewa, a wurin da ya kamata majinyaci ya huta. Ta kore su cikin ladabi, irin ladabin da take korar 'yan dubiya da shi. Ta auna jinin Inna ta ga ya sauka, ta yaba wa sabon maganin da ta sa aka canja.

A wata na biyar takardu suka cika. Mai Tef ya zo da kansa ya manna sanarwa a ƙofar shagon. Sista ta riƙa ƙirga kwanakin nan ashirin da ɗaya a kalandar ɗakin majinyata, ta kira magini ta ce ya zauna cikin shiri. A rana ta ashirin da biyu ta hau benen ofis tana murmushi, karo na farko.

"An samu ƙorafi," in ji matar teburin.

"An samu me?"

"Ƙorafi guda ɗaya. Wani mazaunin titin bai yarda a cire gilashin ba. Sai an yi zaman sauraro."

"Wane ne?"

"Ba a faɗa sai ranar zama."

Sista ba ta san lokacin da ta sauko daga benen ba. Ba ta bukatar a faɗa mata. Mai Takalma ne, maƙwabcinsu na dama, wanda tun ba a yi sati da rasuwar Baba ba yake neman a ba shi hayar shagon ya faɗaɗa nasa. Ta faɗa masa shago yana durƙushe yana gwada wa wani takalmi.

"Sannu da ƙoƙari! Tsohuwa tana neman inda za ta sa haƙarƙarinta, kai kana neman inda za ka jera silifa. Ka ji kunya wallahi. Uwata ce ta riƙa ba ka ruwan sanyi lokacin da kake talla a faranti!"

"Sista, me ya yi zafi? Wallahi ban rubuta komai ba."

"Rantse da abin da ya fi haka."

"Ni da nake zuwa gaishe ta kullum? Jiya ma ita ta zaɓa mini maɓallin wannan rigar." Ya nuna ƙirjinsa. Sai kuma wani murmushi ya suɓuce masa ya yi saurin haɗiye shi, abin da ya tabbatar mata da laifinsa ke nan.

Ta bi titin shago shago. Mai gyaran agogo ya ce bai san zancen ba. Mai kemis ya ce shi da zai rubuta, goyon baya zai rubuta. Kowa ya yi mata rantsuwa, kowa kuma ya kauce wa idonta. Ta dawo gida ta zauna a gefen gadon Inna tana huci.

"Inna, mutanen titin nan munafukai ne. Suna shan shayinki suna soke ki ta baya."

"Allah ya kyauta," in ji Inna, tana ware farin maɓalli daga cikin baƙaƙe a faranti.

Bayan sati biyu wasiƙa ta iso. Za a yi zaman ran Alhamis ƙarfe goma, kuma a shagon za a yi, saboda mai ƙorafin yana da lalurar da ba zai iya hawa benen ofis ba. Sista ta karanta ta yi dariyar mugunta. Wato Mai Takalma har ciwon ƙafa ya ƙirƙira. Ita da ta hau benen nan sau goma sha ɗaya ba wanda ya ce za a zo a same ta. Ta kwana biyu tana shirya jawabi, ta rubuta shi a bayan takardar magani, maki bakwai.

Ran Alhamis mutum uku suka zo: shugaban kwamiti, wani ƙaton mutum mai yawan share gumi, da wata mata mai zanen gine-gine, da Mai Tef riƙe da littafin rubutu. Aka jera musu kujeru a cikin mita ukun nan. Auta ya jingina da kabad. Mai Takalma da wasu 'yan titin suka tsaya a bakin ƙofa. Inna na kujerarta ta kullum, sanda a gefe.

Aka ba Sista dama, ta kuwa yi amfani da ita. Ta yi maganar matakala goma sha bakwai da bayan Auta. Ta yi maganar sutura da mutuncin tsufa, da ƙurar titi da hayaniyar motoci da illarsu ga mai hawan jini. Ta ce dokar da ta fi damuwa da kalar fenti a kan lafiyar ɗan Adam, a sake dubanta. Ta rufe da cewa duk wanda ya rubuta ƙorafin nan, in yana da kunya, ya fito ya dubi idon tsohuwar nan ya maimaita. Tana faɗa tana kallon Mai Takalma.

Shugaba ya share gumi. "To, madalla. Mai ƙorafi yana nan?"

"Ina nan," in ji Inna.

Sista ta juya. "Inna, ba da ke ake ba. Mai ƙorafi ake nema."

"Ai shi na amsa. Ni ce."

Auta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, da gani ya daɗe da sani.

"Yaron nan da ya zo manna takarda," Inna ta nuna Mai Tef da haɓa, "na ce ya karanta mini. Ya ce an rubuta duk mazaunin titin nan da ke da magana ya faɗa. Na ce ni mazauniya ce? Ya ce shekara nawa? Na ce arba'in da shida. Ya ce to kin fi kowa. Ya kawo takarda na faɗa ya rubuta, na dangwala."

Mai Tef bai ɗago daga littafinsa ba, amma kunnuwansa kamar sun ƙara tsawo.

"Faɗi ƙorafinki, Mama," in ji shugaba.

"Ba shi da yawa, ɗana. Shekara uku ina sama. Wanda ya mutu a titin nan sai bayan an binne shi nake ji. Wadda ta haihu sai yaro ya fara tafiya. In na ji hayaniya a ƙasa in tambaya, a ce ba komai, ki kwanta. Da aka sauko da ni nan, na ga 'yan makaranta na wucewa da safe, na san wanda ke makara kullum. Na ga ruwan sama yana sauka a kan kwalta. Mutane suna shigowa su tambaye ni abu, in ba su amsa, ba su ce mini ya jiki ba. Yanzu kuma a ce za a ja bango a bar mini 'yar taga can sama. Wato an fito da ni daga wancan akwati an sa ni a wani, sai dai wannan ya fi kusa da ƙofa, kada a wahala ranar ɗaukata."

"Inna!" Muryar Sista ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. "Don ke nake yi! Wata bakwai ina zarya, ƙafata har ta kumbura. Me ya hana ki gaya mini?"

"Na fara, Likita. Sau biyu. Na farko kika sa mini ma'aunin zafi a baki. Na biyu kika ce in bari ki gama waya da mai zane." Ta gyara mayafinta. "Likita ya sa hannu, mai zane ya sa hannu, har magini an tambaye shi ranar da ta yi masa. A duk takardun nan da kike yawo da su a kaina, wadda aka manna a ƙofa ce kaɗai ta tambaye ni."

"Labulen fa?" Sista ta ji bakinta ya faɗa, ita kanta ba ta san me ya kawo shi ba.

Inna ta ɗaga sandarta mai lanƙwasasshen kai ta nuna. Wani a bakin ƙofa ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Shugaba ya duba agogo. "To, Hajiya, ke ce mai nema. Kina nan a kan buƙatarki mu yanke hukunci, ko kuwa?"

Takardar maki bakwai ta jiƙe a hannun Sista. Haushi take ji, na Inna, na Auta, na Mai Tef da titin gaba ɗaya, kuma a ƙarƙashin haushin akwai wani abu da ba ta son ta duba a gaban mutane.

"Ku ba ni minti biyar," ta ce.

Ta bi ta ƙofar baya ta hau matakalar. Ɗakin Inna na nan yadda aka bar shi, tsohon gadon a jikin bango, katifar ta lotsa a gefe guda inda take zama. Sista ta shiga ɗakin nan kullum na tsawon shekara uku, safe da yamma, da abin awon jini a hannu, a tsaye take shiga a tsaye take fita. Yau ta zauna a cikin lotsawar nan ta juya ta fuskanci taga.

Bangon gidan baya ne, kusa har in ka miƙa hannu za ka taɓa. Ruwan toka, daidai ƙa'ida. Akwai bututun ruwa da ya sauko ta tsakiya, da zanen tsatsa a ƙarƙashinsa. Ta sunkuya ta leƙa sama ko za ta ga sararin sama, ba ta gani ba. Ta zauna tana kallon bututun nan, ta yi ƙoƙari ta cika minti biyar ɗin da ta nema, ta kasa. Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu tana tsaki.

Da ta sauko, shugaba ya riga ya miƙe yana gyara riga.

"Na janye," ta ce.

Mai Tef ya rubuta. Matar nan mai zane ta ɗan leƙa gefen kabad inda ƙafar gado ta fito, ta dubi shugaba. Shugaba ya dubi silin.

"Mu dai shago muka gani," ya ce. "Allah ya ba da kasuwa, Mama."

A bakin ƙofa Mai Tef ya tsaya, ya yage takarda ya miƙa wa Sista cikin sanyin muryar nan tasa.

"Hajiya, bulon nan da ke kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Kwana bakwai a kwashe shi."

"Kai dai Allah ya shirye ka," ta ce, ta karɓa.

Da kowa ya watse ta jawo benci ta hau, ta fara zare labulen daga ƙarfensa zobe bayan zobe. Tana so ta ce wani abu, ta nemi gafara ko ta yi faɗa, ba ta san wanne zai fara fitowa ba, sai ta ci gaba da zare zobba. Hasken rana ya shigo ya sauka a kan kwalaben maɓallai. Ta sauko ta tsaya da labulen a rungume, ta juyo ta fuskanci uwarta.

"Inna..."

Inna ta karkata kai tana leƙen bayanta, ta ɗan taɓa mata ƙafa da sanda.

"Matsa gefe, Likita. Kin tare mini titi."